Ƙafar Suruka

Dulcie Napaljarri ba ta taɓa ƙare wa fuskar surukinta kallo ba, kuma duk wanda ya san doka a Kurlumpa zai gaya maka haka ya kamata. Tun da Clifford Japanangka ya auri 'yarta Sharleen hanyarsu ta rabu. Ba ta kama sunansa, ba ya kama nata. Ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa shiga mota ɗaya, ko sawun juna ba sa takawa. In ya ɓullo ta wajen kanti, sai wata cikin mata ta yi gyaran murya, Dulcie ta juya ta kama kallon bango har ya wuce. Baƙo zai ɗauka gaba suke yi, alhali duk garin ba wanda take ji da shi kamar wannan yaron. Kullum akwai itace a jingine a bakin dangarta, in ya yi farauta kuwa wutsiyar kangaru tata ce. "Wancan mutumin" take ce masa, amma da ka ji yadda take faɗa ka san taƙama take yi da shi.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, kamar yadda ya daɗe a jikin yawancin tsararta. Tana budurwa ta yi wanki da girki a gonar shanun wani Bature mai suna Henshaw, inda ake biyan baƙar fata da fulawa da sukari da ganyen shayi. Da wannan abinci suka girma har suka haifi 'ya'ya, yau kuma jikokin masu raba musu abincin ne ke nuna su da yatsa wai su rage zaƙi. Dulcie ba ta tsoron mutuwa, birni take tsoro. Ta ga waɗanda sugan ya kai can: a yanke wa wannan ƙafa, a jona wancan da injin wankin ƙoda, a zuba su a gidan majinyata suna kallon titi, ba mai komowa sai a akwati. Ita dai a bar ta a ƙasar uwarta, ta ɗauki dagi ta bi mata haƙar guza har ƙarfinta ya ƙare.

Da can akwai Ivy a ɗakin magani, 'yar gari, mai bakin tsiya. Ita ke tara tsofaffin mata a inuwa ta sa su tuɓe takalma, ta bi yatsunsu ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa. Da tsufa ya zaunar da ita, ofishin da ke birni ya ce ma'aikaci ɗan gari guda kawai za su ɗauka, kuma Clifford ne mai takarda. Ranar da ya sa rigar aikin Dulcie ta fi kowa murna, har ta taka rawa a bayan gida inda ba zai gani ba. Sai da ƙwayoyinta suka ƙare, ta kama hanyar ɗakin magani ta hango motarsa a ƙofa, sannan ta gane abin da ya same ta. Ɗaki ɗaya ne da baranda, kuma daga safe har yamma yana ciki.

Daga nan Sharleen ce ke karɓo mata magani. Awon jini, duba ido, duba ƙafa, duk suka tsaya. Nas-nas ɗin Turawa ne, kuma ba sa daɗewa. Kafin ɗaya ta san wane kare ne mai cizo ta haɗa jakarta. Kowace ta zo Clifford zai zaunar da ita ya yi mata bayanin surukarsa. Ta gyaɗa kai ta ce lalle wannan al'ada abin sha'awa ce, za ta leƙa tsohuwar a gida in ta sami sarari. Ba ta samun sararin. Wadda ta gaje ta kuma abin da take tararwa shi ne akwai wata tsohuwa mai taurin kai da ba ta zuwa asibiti.

Ana nan ƙafafunta suka fara mutuwa. Da fari kamar tururuwa ke yawo a tafin, daga baya suka yi tsit. Wata rana suna dawowa daga daji, ƙawarta Biddy Nangala da ke biye da ita ta ce, "Ke Napaljarri, wannan ƙayar da ke diddigenki ajiya aka ba ki, ko rakiya ta yo miki?"

Dulcie ta ɗaga ƙafa ta zare ta, doguwa, da jini a bakinta. Ta yi dariya ta ce ai ita ƙafarta ta koma irin ta kakanni, masu taka yashi da tsakar rana ba takalmi, ba irin ta Biddy ba da ke ihu in ta taka tsakuwa. Har ranta ta yarda da haka, ƙarfi ta ɗauka ya zo mata a tsufa.

Sharleen ta ba mijinta labarin ƙayar a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Washegari ya aiko ta da saƙo: likitan ƙafa zai zo a jirgi, a ce wa tsohuwa ta daure ta je, in layi ya zo kanta shi zai fice ya ba ta wuri.

Ranar da likitan zai zo Dulcie ta yi sammako. Ta wanke ƙafafunta tas, ta sa sabuwar safa da ta saya a kanti, ta zauna a bayan tankin ruwa ta ba ginin baya, Biddy na yi mata leƙe. Jirgin bai sauka ba sai da rana ta karkata. Barandar ta cika da tsofaffi, kowa da takalminsa a hannu, don rabon su da ganin likitan ƙafa har an manta. Yawancinsu ba sa jin Turanci, saboda haka Clifford ne tafinta. Biddy ta dawo ta ce ya roƙi likita ya sake shi na ɗan lokaci, likita ya ce a fara gamawa da masu bukatar fassara tukuna. Maganar ba ta da aibu, in da rana za ta tsaya ta jira.

Sai ga nas ta zagayo bayan tankin, sabuwa, yarinya mai fara'a. Ta kama hannun Dulcie tana cewa, "Zo mana, Mama, likita ba ya cizo." Dulcie ta bi ta a zaton an shirya komai. Suna isa bakin ƙofa ta ji muryarsa a ciki, labule kawai tsakaninsu. Ta fizge hannunta, ta ja rigar sanyinta ta rufe kai, ta koma inda ta fito da sauri har tana tuntuɓe. Nas ta ɗaga kafaɗa, ta ce a gaban kowa in ita ba ta damu da ƙafarta ba akwai waɗanda suka damu da tasu. Turancin da Dulcie ta koya a kicin ɗin Henshaw ya ishe ta ta gane, kuma ta ji zafin maganar.

Can da yamma Clifford ya gaji da roƙo. Ya bar wani tsoho a tsakiyar magana, ya fito kansa a sunkuye, ya miƙe har filin ƙwallo ya tsaya ya juya baya. Biddy ta ce, "Tashi, ya fita." Kafin Dulcie ta hau barandar, matuƙin jirgi na tsaye yana nuna rana, wai filin ba shi da fitila. Likita na zuge jakarsa. Ya dubi sabuwar safarta ya yi murmushi, ya ce ai da ƙafarta ta zo, madalla, zagaye na gaba ita ce ta farko. Ta tsaya da takalma a hannu har ƙarar jirgin ta ɓace.

Zagaye na gaba ruwa ya ɓata filin jirgi. Na bayansa kuma aka ce likitan ya bar aikin, ba a sami mai son zuwa daji ba.

Abin ya faru a lokacin sanyi. Sharleen ta tafi birni zaman jegon 'yarta, nas mai fara'a ta haɗa jakarta, ba a turo wata ba, ɗakin magani ya rage daga Clifford sai firij. Wata safiya Dulcie na tsaye bakin wuta tana binne gurasa a toka, Biddy ta buɗe hanci ta ce, "Nama kika ɓoye mini a wutar nan, marowaciya?" Ta duba ƙasa, ta daina dariya. A kan garwashi Dulcie take tsaye, ƙafar hagu, ba ta ma sani ba.

Biddy ta ce su tafi ɗakin magani yanzun nan. Dulcie ta zauna a kan gwangwanin fulawa tana kallon ramin da wuta ta yi mata.

"In miƙa wa wa? Mijin 'yata ya ɗora ƙafata a cinyarsa? Haba, Nangala."

"To a kira jirgi."

"Ki kira jirgi ki ga in na ƙara yi miki magana. Wa kika ga ya hau shi ya dawo da ƙafarsa?"

Ta daka ganye ta haɗa da kitse ta cusa, ta ɗaure da tsumma, ta ja safa a kai. Ta sa Biddy ta yi mata alkawarin yin shiru. Tun da ba ta jin zafi, kullum sai ta ce ai yana warkewa.

Sawunta ne ya tona ta. Clifford ya zo ɗiban ruwa a famfo bayan ta tashi daga wurin. Bai kamata ya kalla ba, amma ya kalla: ƙafar hagu na jan ƙasa, kowane taki da ɗan damshi a tsakiya, ƙudaje na bi. Kafin rana ta faɗi akwai bandeji da magani a kan itacen da ke bakin danga. Shi kuma ya tsaya can bayan dangar ya ba gidan baya, yana ɗaga murya yana kiran Biddy, yana gaya mata yadda za ta wanke da yadda za ta ɗaure. Biddy mai hannun haƙar guza ta yi iya yinta, tana yi tana kau da kai. Dulcie na kwance cikin bargo tana jin muryar, kunya da tausayinsa suka hana ta motsi.

Bai yi amfani ba. Wari ya kai karnuka ba sa barin gefenta, zazzaɓi ya rufe ta. Clifford ya kira jirgi ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Da aka gaya mata, ta yi wa wancan mutumin baki, karo na farko a rayuwarta, ta ce ya sayar da ita. Ɗan Biddy ne ya tuƙa ta zuwa filin. Ta tagar jirgin ta hango bayan mutum can nesa tsaye cikin ciyawa, ta kau da kai kamar yadda ta saba.

A asibitin birni aka yi ta tura ta daga wannan ɗaki zuwa wancan a keken majinyata, Sharleen na biye. A bakin ɗakin duba ƙafa, suna jiran layi, wata tsohuwar Baturiya da ke kusa ta leƙo fuskarta.

"Dulcie? Ke ce?"

Matar ɗan Henshaw ce, wadda aka kawo gonar amarya Dulcie na wanke mata zannuwan gado. Kusan tsara suke. Ta tsufa da kyaunta, ga wasu takalma masu laushi a ƙafarta. Ta kama hannun Dulcie, kuma murnarta ta gaskiya ce. Ta ce ita ma sugan ne, shekara da shekaru. Tun da suka sayar da gona suka dawo birni ba a barin ta ta huta: yau a bugo waya ta zo a duba ido, gobe awon ƙoda, jibi ƙafa. Har wata yarinya ke yanke mata ƙumba, ta riƙa tsikarar tafin ƙafarta da wani siririn abu kamar gashin doki tana tambaya ko ta ji. Ta ce wallahi har sun ishe ta.

Dulcie ta tambaya, a hankali, me ake yi in mutum bai ji ba.

Matar ta ce sai su ba ka irin waɗannan takalman, su ce kada ka ƙara taka ƙasa ba takalmi, kada ka kusanci wuta, ka riƙa duba tafin da madubi. Abu ne mai sauƙi. Sai idonta ya sauka kan bandejin, ta ji warin, ta dafe ƙirji.

"Ayya, Dulcie. Ya aka yi kika bari ta kai haka?"

Sharleen ta buɗe baki, Dulcie ta taɓa hannunta. Ta ce, "Haka Allah ya so, Misis." Aka kira sunan matar ta miƙe ta shige da ƙafafunta. Dulcie ta bi takalman da kallo. Abin da ya fi cin ranta shi ne sauƙin abin: kada ki kusanci wuta. Magana ce da ba ta kai a cika baki da ita ba, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Likitan fiɗa ya zo da rana, da ɗalibai a bayansa. Ya yi ta bayani da Turancin da ba a yi a kicin. Tafintan asibitin ba ya nan, kuma an ce ko yana nan ba yarensu yake ji ba. Sharleen ta gane abin da ake faɗa, shi ya sa ta kasa maimaitawa; da ta fara sai kuka ya ƙwace mata. Ta fita, ta jima, ta dawo ta ja labulen da ke kewaye da gadon. Dulcie ta ji an ja kujera a ɗaya gefen, an juya ta. Ta ji ƙamshin ƙurar hanyar gida. Ashe tun da jirgi ya tashi da ita Clifford ya biyo ta a mota, yana zaune a waje.

Bai yi mata magana ba, matarsa ya kira da suna. Ya ce, Sharleen, ki gaya wa tsohuwa ciwon ya shiga ƙashi. Ki gaya mata in ba a yanke ba zai hau ya kashe ta. A ƙasan gwiwa za su yanke. Sharleen na tsaye tana share hanci, ba ta maimaita ko kalma ba, don ba a bukata. Likita ya ƙara magana. Muryar bayan labule ta ce, ki gaya mata sun auna jininta, ƙodarta ta kusa ƙarewa, ta daɗe tana lalacewa ba a sani ba. Za ta fara wanki a inji bayan an gama da ƙafar.

Dulcie ta kalli silin, ta kira Sharleen da sunanta na dangi. Ta ce, "Napurrurla, ki tambayi wancan mutumin ya tambayi Baturen. Yaushe zan koma gida?"

Ta ji ya juya tambayar zuwa Turanci. Ta ji likita ya ba da amsa doguwa, mai laushi, irin wadda ake yi wa yaro. Sannan ta jira. Kujerar ta yi ƙara, aka ja numfashi, aka sake ja. Bai fassara ba. Kurlumpa ba inji, kowa ya sani, ita ma ta sani tun kafin ta tambaya.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Baƙin cikin ya yi mata nauyin da hawaye bai fito ba. Ta tuna bakin da ta yi masa, ta so ta janye, amma ba ta san ta inda ake janye magana ga mutumin da ba a yi wa magana ba. Aka kawo takarda ta dangwala hannu.

Bayan aikin, da ta farfaɗo sosai, ta daɗe tana kallon inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu. Ta ce wa Sharleen kada su kuskura su ƙona ƙafar. Ƙafar nan ta san kowane dutse tsakanin gari da ramin ruwan uwarta, a kai ta can a binne. Ma'aikatan suka yi ta kai da komo a kan maganar, daga ƙarshe suka yarda, suka ce za su ba da ita a naɗe cikin akwatin ƙanƙara. Sai dai Sharleen ba za ta iya barin uwarta ba, kuma mota ɗaya ce mai komawa Kurlumpa.

Sharleen ta yi ta murza gefen rigarta. Ta ce, "Inna, shi ne fa zai tuƙa. Ta yaya zai ɗauka? Jikinki ne."

"Wadda ke kan gadon nan ita ce surukarsa," in ji Dulcie. "Waccan da suka cire ba surukar kowa ba ce. Ki ce ya ɗauka. In yana so ma ya buɗe ya duba ta, yanzu ba mai hana shi."

Da safe aka tura kekenta bakin taga don ta sha iska. Can ƙasa wajen ajiye motoci ta hango shi ya fito rungume da farin akwati. Bai sa shi a baya ba. Ya buɗe ƙofar gaba ya ajiye shi a kujerar kusa da direba, ya jawo bel ya ɗaura masa. Wata majinyaciya 'yar ƙasarsu da ke gado na kusa ta gane shi, ta yi gyaran murya. Dulcie ta ji ta sarai. Ba ta juya ba, ta ci gaba da kallo har motar ta hau titin arewa ta tafi gida ba da ita ba.